Abin da Likita Ya Ce, da Abin da Na Fassara

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi ina cewa kai, wasu dai akwai ƙarfin hali. Yau ga shi layi ya zo kaina. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba.

A shekarar 2014 ni ɗaliba ce a Alƙahira, shekarata ashirin da shida, mu biyar a ɗan gidan haya a Hayyin Ashir. Allah Ya ba ni baki. Larabcin Misrawa ya zauna mini daram, har direban mikrobas idan ya taso da rigima sai na fi shi. A lokacin kusan kowa a cikinmu ɗalibai 'yan gida yana da abin da yake taɓawa bayan karatu. Wannan tana aika abayoyi Kano, waccan tana koyar da yaran wasu ƙasashe Alƙur'ani ta intanet, maza kuma suna raka 'yan kasuwa sari. Babu mai ofis, babu mai ubangida. Ni tafinta na zama, ina raka matan da suke zuwa daga gida neman magani, don yawancinsu ba sa iya faɗin ciwonsu a gaban ɗa namiji. Ni ke tarbo su a filin jirgi, in nema musu masauki, in kai su asibiti, in riƙe musu takardu. Wayata ita ce shagona. Kuma ina ji da kaina ƙwarai, ina cika baki cewa ni ba mai aike na, ba mai tuhuma ta.

Abin da wanda bai yi wannan sana'a ba ba zai sani ba shi ne, suna ne jarinka kaf. Mara lafiya ɗaya ta koma gida da ƙafarta, sai ta turo miki uku. Nawa kuwa Allah Ya sa biyar a jere suka warke, sai aka fara cewa ai yarinyar nan hannunta da sa'a. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

A haka aka haɗa ni da wata Hajiya daga wani gari kusa da Funtuwa, ta haura sittin, ciwo ne a cikinta. Ɗanta ne ya kawo ta, ɗan kasuwar hatsi, bai yi boko ba, Larabcinsa kuma bai wuce na salla ba. Duk abin da ya shiga kunnensu a ƙasar nan ta bakina ya bi. Hajiya mace ce mai barkwanci. Ta ce burodin Misrawa kamar faifan da aka manta a rana, ta ce ni kuma surutuna ya isa ya sa kare gudu. Da 'yar nan take kirana, ni kuma ina ce mata Inna. Kullum zancenta ɗaya ne, babbar 'yarta. Shekara goma sha ɗaya da aure ba ta taɓa ko ɓari ba, sai yanzu Allah Ya kawo ciki, saura kamar wata biyu ta sauka. Inna ta riga ta tara itace, ta sayi sabuwar tukunyar wanka, ta ce ko da rarrafe ita za ta yi wa 'yarta wankan jego.

Ranar da za mu karɓi sakamakon hoto da gwaje-gwaje, muna zaune a layi, ta kama hannuna ta ce in ji tsoron Allah in faɗa mata duk abin da likita ya ce. Ta ce ita ba yarinya ba ce, mutuwa ba baƙuwarta ba ce, ta binne miji da 'ya'ya biyu. Idan babu magani a gaya mata ta tattara ta koma, ta ga jikanta ko da sau ɗaya ne. Na ce mata insha Allahu.

Likitan dattijo ne, bai yi kwana-kwana ba. Ya ce ciwon daji ne kuma ya riga ya yaɗu har hanta, babu aikin da zai yi amfani. Ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, abin da ya rage shi ne maganin rage zafi, kuma shawararsa a mayar da ita gida cikin makon nan tun tana iya zama a kujerar jirgi, don nan da 'yan makonni ba za a yarda a ɗauke ta ba. Ya gama ya zuba mini ido. Inna da ɗanta su ma suka zuba mini ido. Sai na ji bakina yana cewa likita ya ce ciwon yana da ɗan ƙarfi, amma za a fara magani a gani, a yi ta addu'a.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa kunya ce da tausayi. A gidanmu ba a duban tsabar idon babba a ce masa kwanansa ya ƙare, ko rasuwa za a faɗa sai an yi ta kewaye-kewaye ana cewa jiki ya yi tsanani. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, shi ne na hango yadda za a ce an kai wa mai hannun sa'a mara lafiya, ko mako biyu ba a yi ba ta dawo da ita babu magani. Akwai mata biyu daga garinsu da suke shirin zuwa wurina. Na ce a raina bari a ɗan ja kwanaki, in kai ta wurin wani likitan, in ya so na faɗa musu a hankali. Takardar sakamakon na ninke na saka a jakata, kamar yadda na saba.

Likita na biyu abin da na farko ya faɗa ya maimaita. Nan ma na sassauta. Ƙarya ta biyu ta fi ta farko sauƙin fita, wannan ma na gane. Kullum sai in ce gobe zan kira ɗanta gefe in gaya masa, gobe ta yi sai wata baƙuwa ta sauka, in ruga filin jirgi, in ce ai ban samu lokaci ba. Inna kuwa tana shan maganin rage zafi, zafin ya lafa, sai ta ɗauka sauƙi ne. Har waya ta yi wa 'yarta a gabana, tana dariya tana cewa ta riƙe cikin nan da kyau kada ta kuskura ta haihu sai ta dawo.

A mako na huɗu idanunta suka yi ɗorawa, ƙafafu suka kumbura, ko kunu ba ya zama. Muka koma wurin dattijon likitan. Yana ganinta a keken marasa lafiya ya juyo kaina da faɗa, yana tambaya me suke yi a ƙasar nan har yanzu. Na ce masa iyalanta ne suka ƙi tafiya. Ɗan ya tambaye ni me ya sa likita yake ɗaga murya, na ce yana faɗa ne don ba ta cin abinci. A tsaye ɗaya na yi wa mutum biyu ƙarya, kowa da harshensa. Na roƙi likitan ya rubuta takardar izinin hawa jirgi, ya girgiza kai ya ce khalas, lokacin ya wuce.

Ranar ne na faɗa wa ɗan cewa jiki ya yi nisa, amma na nuna kamar yau likita ya gano. Ya zauna a kan matakala ya rufe fuska da hularsa. Inna ba wanda ya gaya mata, ta gane da kanta. Ba ta tuhume ni ba. Cewa kawai ta yi ashe ba ta da rabon ganin jikan nan, ta juya fuskarta bango. Kwana shida bayan haka, da hantsi, ta cika a hannuna. Ɗalibai 'yan uwanmu suka taru aka yi mata sutura, aka binne ta a nan Masar, cikin mutanen da ba ta san ko ɗaya ba.

Bayan ɗan ya koma da kamar mako biyu ya kira ni. Ya ce yayarsa ta sauka lafiya, an samu mace. Ya ce kowa ya ɗauka sunan marigayiya za a mayar, amma Inna ta bar masa wasiyya tun tana kwance cewa idan mace ce a sa mata sunana, don na riƙe ta amana a ƙasar da ba ta da kowa. Yana ta sa mini albarka.

Na bar aikin tafinta a shekarar. Ban ce aikin kai laifi ba ne, ya rufa wa da yawanmu asiri, kuma yanzu ma masu yin sa sun fi na lokacinmu yawa. Amma 'yan uwana masu cin gashin kansu, ku sani ranar da kuka rabu da ubangida kun rabu da mai duba aikinku. Da a ƙarƙashin asibiti nake, da wani ya buɗe takardar nan ya tambaye ni. Ni babu wanda ya tambaye ni, kuma na ɗauka hakan 'yanci ne. Idan aikinku ya sa wani yana gani da idonku, yana ji da kunnenku, ku ba shi abinsa yadda yake, ko da zai ɓata muku suna, don shi ne mai hukunci a kan ransa da sauran kwanakinsa. Masu kawo marasa lafiya kuma, ku nemi mutum na biyu ya karanta muku takarda, ba rashin yarda ba ne. Takwarata yanzu ta girma, duk salla ana turo mini hotonta, uwarta tana ce mata ga mamanki ta Masar da ta yi jinyar kakarki. Har yau ban samu bakin da zan gaya musu cewa ni na hana kakar ganinta ba. Ku taya ni roƙon Allah Ya yafe mini, Ya kuma ba ni ƙarfin faɗa musu tun ina da rai.