Baba Jalo da Fegi na Bakwai

"Ni dai na ce rashin imani ne, Malam," in ji Inna Marka. "Dawa tana ramewa a gabanka, ga taki jibge a bayan ɗaki."

"Ba rashin imani ba ne. Bincike ne."

"To, binciken ya ƙoshi. Kwando uku na zuba masa."

Malam Jalo ya ajiye fartanya, ya zauna a kan kunya. Shekara ashirin da bakwai yana kula da gonar gwaji ta wata babbar jami'ar gwamnati a nan Durun, ba a taɓa yi masa haka ba. Sai a daminarsa ta ƙarshe. Kuma matarsa ce ta yi.

Jami'ar tana can birni, da dubban ɗalibai da furofesoshi da ɗakunan gwaji masu sanyi. Sau ɗaya Jalo ya shige ta, ya ɓata tsakanin sashen shari'a da na likitanci, sai mai gadi ne ya fito da shi. Amma duk sabon irin dawar da suka haɗa, wurinsa suke kawowa. An yanka gonar fegi-fegi, kowanne da allon lambarsa. Kullum da sassafe yakan zaga da sandar awo, ya auna tsayi, ya duba ƙuduji, ya kori awaki. Fegi na bakwai kuwa ba a sa masa komai. Da shi ake gwada sauran, a gane ko takin ya yi amfani.

Gari bai taɓa yarda da wannan ba. 'Yan ƙauyen Masanawa in za su wuce sukan tsaya.

"Malam Jalo, wannan dawar azumi take yi?"

"Na nafila," ya ce, ya ci gaba da awonsa.

Kai ne, Baba Jalo, ka iya abin da ya fi noma wuya: ka ga shuka tana neman agaji, ka naɗe hannu saboda amana. Dawar da rabin Kabo ke ci yau, a gabanka ta fara tsiro.

Da kaka ta yi, Dakta Zubaidatu, shugabar binciken, ta zo da ɗalibanta. Ta tsaya a gaban fegi na bakwai. Kowace zangarniya kamar damtsen ɗan dambe. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Baba, wannan babu taki ya yi haka? Ai sai na rubuta duniya ta karanta."

Jalo ya dubi ƙasa. In ya yi shiru, ya bar aiki da sunansa fes, an ma riga an buga masa takardar yabo. Amma za a gaya wa manoma daga Gwarzo har Dugabau cewa wannan irin ba ya bukatar taki. In ya faɗa, aikin damina guda ya rushe, a hannunsa. Daga bayan darbejiya Marka tana ta ƙifta masa ido.

"Dakta, kashin awaki ne. Kwando uku."

"Huɗu," in ji Marka. "Na ƙara ɗaya ranar Juma'a."

Dakta ta dubi Marka, ta dubi dawar. Sannan ta zauna a kan kunya ta yi dariya har da hawaye, ba mu dai sani ba ko duka na dariyar ne. Jalo ya ce ba zai ajiye sandar awo ba sai an sake gwajin baɗi. Kwandon kuwa yanzu a ɗakinsa yake, da kwaɗo.

Mun gode, Baba Jalo, mai riƙon amanar da ba a gani. Mu da muka gama sakandare muke hangen jami'a daga nesa, ashe wani ɓangarenta yana bayan garinmu, da fartanya a kafaɗa. Duk wanda aka ba wani fegi ya tsare, ya tsare shi kamar haka.

Ran nan kafin su tafi, Dakta ta miƙa wa Jalo wani ƙaton littafi, sakamakon duk shekarun gonar. Marka ba ta yi boko ba, amma ta karɓa, ta lashi yatsa, ta yi ta buɗawa har bangon ƙarshe. Ta ɗago kai.

"Dakta, a wane shafi aka sa sunansa?"