Batirin da Kalilu Ya Zaɓa wa Kwalekwale

Idan kana son ka ga Kalilu ya gyara zama, ka yi maganar batir a gabansa. Shekara tara ya yi a shagon sayar da batiran inbata a Sabon Garin Kano kafin ya zo Kuala Lumpur karatu. Karatun ya ƙare, shi bai koma ba, ya zama dillalin da ke tura wa ɗalibai kayansu gida ta jirgin ruwa. Amma har yau da ido yake gane batir mai lafiya, da hannu kuma yake yanke hukunci. A Sabon Gari ka'idar ɗaya ce: ka ɗaga shi, in ya nemi ɓalla maka baya, na asali ne, in ya taso da sauƙi, an sace dalmar cikinsa, ka ajiye musu kayansu.

Abu na biyu da yake taƙama da shi, haihuwar Yauri ne shi, jinin masunta. Ba ya dai ƙarawa da cewa yana ɗan shekara huɗu aka tafi da shi Kano.

Da annobar korona ta zo aka kulle gari, shi da matarsa Barira suka zauna a hawa na sha tara na wani bene a unguwar Sri Petaling. Kalilu ya ci shinkafa ya yi barci har wandunansa suka daina gane shi. Barira kuwa tana rubutun digirinta na biyu, sai ga waya daga Zariya cewa mahaifiyarta ta rasu. Babu jirgi, babu zaman makoki, ta waya ta karɓi gaisuwa. Ba ta yi kukan da ya zata ba. Shiru kawai ta yi, shirun ya ɗauki wata biyar, tana girki tana salla tana amsa masa da to. Abin ya tsorata shi ƙwarai, don Barira mace ce da a da ko gishiri ya yi yawa sai ta yi masa sharhi.

Shi a ganinsa iska take buƙata, iskar kan ruwa. Da aka sassauta kulle a ƙarshen 2021, ya sayi kwalekwalen roba mai cin mutum biyu, wanda ake ce wa kayak, a hannun wani Bature da ke barin ƙasar. Kwalekwalen ya zo da ɗan injin lantarki mai farfela, sai dai babu batir. Kalilu ya yi murmushi, an zo fagensa.

Ya tafi wani shago a unguwar Sentul, na wani dattijon ɗan Sin da ake kira Ankul Tan. Da farko ya burge dattijon, gaskiya. Ya ce ba ya son batirin mota, wannan wutar tashi ɗaya yake bayarwa ya kwanta. Wanda ake zuƙa a hankali yini guda yake nema. Ankul Tan ya gyaɗa kai, ya miƙo masa batirin lithiyam. Kalilu ya ɗaga shi da hannu ɗaya kamar ledar burodi, nan take fuskarsa ta canza.

"Ankul, ni za ka ba wannan? Fanko ne."

"Ba fanko ba ne," in ji dattijon ta bayan takunkuminsa. "Ƙarfinsu ɗaya da wancan babban. Don jirgi, mara nauyi ake so."

Kalilu ya ji maganar, amma bayansa bai yarda ba. Ya je lungu ya rungumi wani baƙin batirin dalma mai kilo talatin da biyu, ya yi nishi, ya ce wannan shi ne batir. Ankul Tan ya ce in ya canza ra'ayi cikin mako ɗaya, boleh, wato babu laifi, ya dawo da shi.

Ran Asabar da hantsi suka isa wani tafki a bayan gari, tsohon ramin haƙar kuza. Mai kula da wurin, wani tsoho Bamalaye, ɗan asalin ƙasar, mai suna Pak Daud, ya duba shaidar rigakafinsu, ya ba su rigunan ceto. Aka ɗaura inji, aka zaunar da batir, Barira ta shiga gaba, sannan Kalilu ya shiga baya da bismilla. Kwalekwale ya nutsa har leɓe. Ruwa ya ɓulɓulo ta ƙananan ramukan ƙasa, ya jiƙa masa wando sharkaf, hancin jirgin kuma ya ɗaga sama da Barira.

Pak Daud ya kalle su a natse, ya ɗaga yatsu uku. "Kai, ita, batir. Biyu boleh. Uku, a'a."

Suka fito. Kalilu ya ce ba komai, a cire batirin, shi zai tuƙa da filafili, ai jininsa ne.

"Yaya Kalilu," in ji Barira, "cibiyarka ce kawai a Yauri. Ko a bahon wanka ban taɓa ganin ka tuƙa komai ba."

Tun rasuwar nan ba ta yi magana mai tsawon haka ba. Sai ta juya wajen Pak Daud ta tambaye shi yadda ake sarrafa injin. Ya nuna mata: a murɗa hannun nan dama a yi gaba, hagu a yi baya, tsakiya a tsaya. Ta gyara hijabinta a ƙarƙashin rigar ceto, ta zauna a kujerar baya, ta murɗa.

Haka jinin masunta ya tsaya a gaɓa da jiƙaƙƙen wando, yana kallon matarsa da batirinsa suna tafiya ba tare da shi ba. Can tsakiyar ruwa ta kashe injin. Daga nesa ya ga ta sunkuya, kafaɗunta suna motsi. Ya yi taku biyu cikin ruwa, Pak Daud ya riƙe masa hannun riga ya girgiza kai, sai ya koma ya zauna a kan dutse. Ya bar ta ta yi kukanta.

Sai da aka kusa azahar ta dawo, idanunta jajir, ta ce yunwa take ji, a tsaya a mamak, wato gidan abincin bakin titi, a hanya. Yana ta kokawar ciro batirin yana haki, ya ce gobe da safe zai kai wa Ankul Tan ya karɓo mara nauyin, mako mai zuwa su shiga tare.

Barira ta waiwaya ta kalli tsakiyar tafkin.

"Kada ka canza shi tukuna," ta ce. "Wannan ɗin ya yi mini."

Kalilu ya fahimta: ita kaɗai take son ta ƙara shiga. Ya ce to, ya ɗora batirin a kafaɗa, ya bi bayanta zuwa mota.