Hotunan Malam Sada biyu-biyu ne

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe nake jin wai Malam Sada Mairuwa ya rasu tun ranar Juma'a. A bakin direban motar Faskari na ji, ba wanda ya kira ni.

Shi ya koya mini aiki a lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, na wani kamfanin mai a Kudu, lokacin da kuɗin fetur ke tashe. Kowa na neman kwangila, shi yana wanke laka daga rijiyar mai, yana tsince ƙananan halittun teku da suka zama dutse. Ba su kai ƙwayar gero ba.

Da ya ji ni ɗan Ƙanƙara ne, ban sake sayen abincin rana ba.

Kowace halitta hoto biyu yake ɗaukar ta, na biyun ya ɗan karkata ta. In ka jera su ƙarƙashin gilashinsa mai ido biyu, sai ta taso kamar ka ɗauka. A nan ake ganin zurfin bakinta da kumburin ɗakunanta, a san danginta.

Ganinmu na ƙarshe bayan sallar layya ne. Ya ce, "Ka zo da yaran jami'a su sa hotunan nan a kwamfuta. Amma kar a raba su, guda ɗaya takarda ce kawai."

Na isa Mairuwa da azahar. An share ɗakinsa, an jibge buhunan masara.

Ɗan ƙanensa Lawal ya miƙo mini kwalin hotunan yana jiran godiya. "Baba, mun rage maka nauyi. Duk iri guda ne biyu-biyu, sai muka aje ɗaiɗai. Sauran yaran 'yan gaisuwa sun kwashe. Mi za a yi da maimaici?"

Wallahi ƙyama ta kama ni. Suna gida ɗaya da mutumin nan, ba wanda ya taɓa leƙa gilashin, amma ko kwana bakwai ba a yi ba an samo wa masara wuri.

Na sa hoto ɗaya ƙarƙashin gilashin. Bai taso ba.

Allah ya gafarta wa Malam, ya haskaka kabarinsa. Ku sa shi a addu'a don Allah. Mutanen Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa da kuka je gaisuwa, ku duba hannun yaranku. In kun ga hoton wani abu kamar dodon koɗi, ku kawo mini, ɗan'uwansa yana wurina.