Kujerar Inna da Zarton Malam

Shekarar da Malam, maigidana, ya ajiye aikin koyarwa, ya je Kano ya dawo mana da injin zarto. Ɗan tebur ne mai ƙafafun naɗewa, faifan ƙarfe mai haƙora ya leƙo ta tsakiyarsa. Mutumin da tun aurenmu ban ga ya kafa ƙusa a miƙe ba, ga shi ya zama kafinta tsakanin Azahar da La'asar.

Injin ba ya motsi sai da wuta, wutar Kankiya kuwa ba ta sallama, ba ta ban kwana. Da ƙwan zaure ya kama, sai Malam ya zabura neman abin yankawa kafin a ɗauke. Bencin zaure ya zama biyu, kowanne jingine da bango. Tabaryata ya ce ta yi mini tsawo, ya rage mata taƙi guda. Tun ranar nake daka kamar mai ruku'u.

Duk na haƙura, sai da na ga yana kewaya kujerata 'yar tsugunno, wadda Inna, Allah ya jiƙanta, ta sa cikin kayan ɗakina daga Kusada. Sassaƙar gizago ce, tsakiyarta ta yi sulɓi saboda zaman Inna gaban murhu.

"Hajiya, ƙafar nan guda ta gaza sauran. Tashi in daidaita su."

"Malam, tun kafin a haife ni take haka. Ba ta kai ƙara ba."

"Ke mi kika sani game da katako?"

"Abin da tabarya ta koya mini."

Daga nan, in wuta ta zo, sai in zauna a kanta in ɗauki carbi, don na san ba zai tayar da mai lazimi ba. Ya tsaya a kaina da igiyar awo a wuya yana ta gyaran murya. Ran nan na ja carbi har tuwo ya yi ƙauri. Da aka ɗauke wutar, sai na ji bakina ya yi hamdala da ƙarfi, maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara kuwa tana ji ta katanga.

Kunya ta kama ni. Na mai da ambaton Allah maigadin kujera. Na yi istigfari, washegari na naɗe ta a zani na kai wa ƙanwata, can wani ƙauye bayan Kusada inda ko falwaya babu. A motar dawowa na yi ta share hawaye da gefen mayafi.

Malam ya tausaya, ya ƙera mini sabuwa, ƙafafu huɗu daidai wa daida. A kanta nake girki yanzu, tana rawa ina rawa, don gaban murhunmu ba a shafe yake ba. Ya zo ya gwada, ya ce laifin ƙasa ne. Na gode wa Allah da zarto ba ya yanka ƙasa.