Ɗankwalin Hajiya Raliya

Mahmudu ya fara tace bidiyon biki tun zamanin da ake kai wa mutane faifai a leda. A situdiyon da yake aiki a Nassarawa GRA babu kwamfutar da ta kai tasa ƙarfi, babu kuma wanda ya kai shi saurin tsaki. Shi ya koya wa abokin aikinsa Usaid yadda ake yanka hoto a haɗa. To, yau ga shi Usaid ɗin ne manyan mata ke nema da suna.

Rabon aikin ma abin haushi ne. Usaid ke yin gajeren bidiyon nan mai kiɗa da ake yaɗawa a waya, Mahmudu kuwa dogon da ba mai kallo sai kakar amarya. In Usaid ya gama, Mahmudu ke kwaso aikin a tace ya zuba cikin nasa, domin daga kwamfutarsa ake fitar da duka biyun. Kullum sai ya bi shi daki-daki yana neman aibi. Kishi ne tsagwaronsa, kuma ya sani.

A bikin 'yar Hajiya Raliya ya samu abin da yake nema. Usaid ya saka wani wuri daga kamu, taron mata zalla: uwar amarya na taka rawa, ɗankwali ya zame, kai a buɗe tana dariya. Hoton ya yi kyau, wallahi. Amma matar nan ko ƙofar gida ba ta leƙawa babu hijabi. In wannan ya shiga wayoyin Kano, Usaid ya gama aiki a gidajen manya.

Mahmudu ya jingina da kujera, zuciyarsa fes. Ba sai ya yi komai ba, ya fitar da aikin yadda ya same shi kawai. Ya je sallar la'asar ya dawo. Matar na nan a kan allo tana dariya, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Ya ja dogon tsaki, ya cire wurin, ya cike gurbin da hannuwan amarya masu lalle, daidai bugun kiɗan, yadda ko Usaid bai lura ba.

Bayan biki Hajiya ta bugo wayar situdiyo, shi ya ɗauka.

"Malam, wanda ya yi gajeren nan nake nema. Ƙawayena sun ce ɗankwalina ya faɗi a gaban kyamara, hankalina ya tashi. Da na kalla, babu! Ɗan mutunci ne, Allah ya yi masa albarka. Bikin autata na tafe, shi nake so, ba wani ba."

Mahmudu ya waiwaya ya dubi Usaid. In ya faɗi gaskiya, ya gaya mata ke nan shi ma ya zauna ya ƙare mata kallo kai babu ɗankwali.

"To, Hajiya," ya ce. "Ga shi nan kusa."

Ya miƙa wa Usaid wayar.