Fitila ta Huɗu a Akwatin Sarju

Duk wanda ya tashi a lungun bayan kasuwar Klaten ya san Pak Sarju tela, wato Malam Sarju a yarensu. Kayan makarantar rabin yaran unguwa daga kekensa suka fito, kuma ɗinkinsa ba ya farkewa. Taurin kansa ma haka, Allah na tuba.

Gidansu na gado ne, sassa huɗu sun sa bishiyar mangwaro a tsakiya. Lokacin da intanet ya shigo gari, 'yarsa da ke jami'a ta yi ta naci sai da aka jawo layi. Layi ɗaya tal ga gida guda! Mai haɗawa ya ɗora wani ɗan akwati mai ramuka huɗu a kan kabad ɗin shagon Sarju, kowane rami da wayarsa mai ruwan toka da za ta fita ta taga zuwa wani sashe. A saman kowane rami akwai 'yar fitila koriya. Da an kunna kwamfuta a can, sai ta kama a nan.

Kayya, zamani ya yi daɗi! Sarju bai san ko ina ake dannawa a kwamfuta ba, amma shi ne sarkin akwati. Da yamma layi ya yi nauyi sai ka ji ihu ta tagogi.

"Pak Sarju, ya tsaya cak!"

"To wane marar kunyar ne ke jan fim?"

Sai ya miƙe da tef a wuya, ya zare wayar wanda yake zargi, ba shaida ba shari'a. Mai laifi ya zo da soyayyen tempe, wainar waken soya, a faranti yana ba da haƙuri, a zauna a cinye, a mayar masa da wayarsa. Har riga Sarju ya taɓa ɗinka wa akwatin don ƙura, akwatin ya yi zafi ya ɗauke, gida ya kwana biyu yana yi masa dariya.

Rami na huɗu na ƙanensa Kasiran ne, wanda ba sa magana. Ranar da aka binne mahaifinsu, Kasiran ya buɗe kejin kurciyar tsohon ya sake ta, wai ta bi mai ita. Sarju kuwa ya so ya riƙa jin kukanta da safe. Aka faɗi maganganun da ba a faɗa, daga nan ko gaisuwa ta yanke. Amma da za a ja waya, Sarju da kansa ya hau tsani ya buga ƙusoshi har tagar ƙanen.

Matar Sarju, Ponikem, ta riƙe haɓa. "Mutumin da ba ka gaisarwa, shi ka kai wa waya har ɗaki?"

"Rami ne ya ragu. In bar shi gizo ya yi saƙa a ciki?"

Idan layi ya ƙi, Kasiran ba ya kira. Fitowa yake ya tsaya gaban mangwaron ya ce, "Kai bishiya, gaya wa masu mulki talakawa na cikin duhu." Sarju ya kalli kekensa ya ce, "Ka ji mutane, sai ƙorafi." Sannan ya tashi ya kashe akwatin ya kunna.

Kullum bayan sallar asuba Kasiran kan kunna kwamfutarsa ya karanta labarin ƙwallo, fitila ta huɗu ta kama. Sarju ba ya taka keke sai ya ɗaga kai ya gan ta. Gaskiyar magana, yana son ƙanen nan kamar ransa, kuma abin da ke cinsa shi ne kada ɗayansu ya mutu ba su yi magana ba. Bakin ne ya ƙi buɗuwa.

Sai salula ta zo, kowa ya koma kallon tafin hannunsa. 'Yar ta yi aure ta tafi birnin Semarang, fitilarta ta mutu. Sauran biyun suka bi. Babu sauran ihu ta taga, babu tempe. Matar Kasiran ta rasu, ciwon suga ya kama shi, ya zama shi kaɗai a sashensa. Ponikem ta ce a yanke layin nan haka, Sarju ya yi kamar da bango take.

Wata safiya fitilar ba ta kama ba. Ya kashe akwatin ya kunna, shiru. Ya zauna ɗinki, ya maƙala wuyan riga a baibai. Can dai ya jefar da almakashi, ya ratsa tsakar gidan ko takalmi babu, ya tura ƙofar ba sallama.

Kasiran na tsugune a ƙasa, da ransa, ya kwance bayan kwamfutar yana hura mata iska da baki. Ya ɗago, ya rame, kai ya yi fari fat.

"Ta ƙi tashi, Mas," ya ce, kamar yadda yake kiran yayan tun suna yara.

Sarju ya dubi teburin. An lulluɓe allon da tsohon zane, an jera kwalaben magani a kai.

"Wannan allon fa?"

"Ai ya daɗe da mutuwa. Tun kafin matata."

"To uban me kake kallo kullum da safe?"

"Ba na kallon komai. Kunnawa nake in je in ɗora ruwan shayi." Ya nuna taga da haɓa. "Daga nan ina hango ka kana ɗaga kai."

Sarju ya zauna daɓas a bakin gado. Ya buɗe baki zai ce masa wawa, sai ya fasa.

"Dik, ƙanena, ka karya kuwa?"

Kasiran ya girgiza kai, hawaye na bin kumatunsa.

"To tashi mu je, Ponikem ta sauke shinkafa," in ji Sarju. "Ka kama hannuna, ƙasan akwai santsi."