Ƙahon da Aka Kafa wa Baba

Har yau idan na ga wanzami da zabirarsa sai raina ya ɓaci. Na san ba duka suka yi mini laifi ba, amma ban damu ba.

Shekarar da naira ta fito na baro ɗakina a Tsafe, na zo Bungudu jinyar Baba. Ciwon suga ya buɗe masa gyambo a diddige, ƙafar kuma kullum sanyi ƙalau kamar gindin randa. Likita a Gusau ya ce jini ne ba ya isa can ƙasa. Ya ce Baba ya bar shan taba, a riƙa wanke gyambon, kuma ko tsinin allura kada ya taɓa ƙafar, don duk inda ya fashe ba zai haɗe ba. A gabana ya faɗa.

To, muna da wanzamin gida. Ubansa ne ya yi wa Baba askin suna, shi kuma ya yi mana namu. Irin wannan mutum ba a ce masa a'a. Kowace Juma'a yana zaure, da surutu kamar shi ya haifi garin. Wata Juma'a ya taɓa ƙafar Baba ya ce, "Mataccen jini na, Malam. Ƙaho ɗai ka hidda shi."

Na aika daga cikin gida cewa likita ya hana. Aka mayar mini da cewa zaure ba wurin mata ba ne. Baba kuwa kunya ta kashe shi, ya miƙa ƙafa. Wai har yabon hannun mutumin ya yi, don bai ji zafin tsagar ba. Ina zai ji, ƙafar da ko ƙaya ba ta ji?

Tsagar ba ta haɗe ba. Ta yi baƙi, ta fara wari. Kafin kaka aka yanke ƙafar a Gusau, ƙasa da gwiwa.

Juma'ar da muka dawo, sai ga shi ya zo aski, ko kunya babu. Ina bayan ƙofa na ji ya ce, "Malam, wagga ma ta yi sanyi."

Ban nemi mayafi ba. Na shiga zauren cike da maza, na zauna a tabarmar Baba, na ɗora ƙafar da ta rage a cinyata. Har aka gama askin ban tashi ba.